Samaru ko Kabuga: abin da ya kamata ku sani kafin ku zaɓi ABU ko BUK

Duk shekara idan aka fara sayar da fom ɗin JAMB, akwai gardamar da ke tashi a gidaje da yawa, tun daga Gusau har Bauchi: yaro ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ya sa Jami'ar Bayero ta Kano? Uba ya ce ABU, don sunanta ya kai ko'ina, kuma rabin manyan da ya sani a can suka yi karatu. Uwa ta ce BUK, don tana da ƙanwa a Ɗorayi, yaro ba zai rasa tuwon dare ba. Shi kuwa mai karatun, sau da yawa abin da ya sani game da jami'o'in biyu bai wuce hoton ƙofar shiga da ya gani a waya ba.

Gardamar takan ƙare a kan wai wacce ta fi wacce, kuma a ganina wannan ce tambayar da ta fi kowace rashin amfani. Dukansu na Gwamnatin Tarayya ne. Hukuma ɗaya ce, NUC, ke tantance kwasa-kwasansu. Malamansu 'yan ƙungiya ɗaya ne, shi ya sa yajin aikin ASUU na 2020 da ya ci kusan wata tara, da na 2022 da ya ci wata takwas, suka rufe su tare. Babu mai ɗaukar ma'aikata da zai ajiye takardarka gefe don ta fito daga ɗayansu. Bambancin da zai taɓa rayuwarka yana inda ba a rubutawa a takardar shaida: ina za ka kwana, me za ka ci, awa nawa hanya za ta cinye maka kullum, kuma da su wa za ka yi hira bayan sallar isha'i. Lakca 'yan awanni ce a rana. Sauran lokacin, muhallin da ka zaɓa ne zai raba maka shi.

Kafin a gane dalilin da ya sa wuraren biyu suka sha bamban, sai an ɗan waiwayi yadda aka kafa su. An buɗe ABU ranar 4 ga Oktoba, 1962, a zamanin Firimiyan Jihar Arewa, Sardauna Ahmadu Bello, kuma ba a fili fetal aka dasa ta ba. An haɗa cibiyoyin da suke nan ne tun da can: reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, da tashar binciken aikin gona ta Samaru, da Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo, da gonar binciken dabbobi ta Shika, sai kuma wata kwaleji da ke Kano. Wannan kwalejin ta Kano ta faro ne a 1960 a cikin Makarantar Nazarin Larabci, da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, sannan aka mayar da ita Kwalejin Abdullahi Bayero da aka kafa jami'ar Zariya. Shekaru da yawa ɗalibanta digirin ABU suke karɓa. Sai a 1975 ta zama kwalejin jami'a mai cin gashin kanta, a 1977 kuma ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero, Dakta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko. Uwa da 'ya ke nan, kuma har yau malamai suna kai-komo tsakaninsu.

To amma inda aka ajiye kowacce shi ya ba ta halinta. Samaru tana wajen birnin Zazzau, tafiyar fiye da kilomita goma a kan hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato. Da yake babu gari babba a kusa a wancan lokaci, dole jami'ar ta gina wa kanta gari. Tana da madatsar ruwanta a rafin Kubanni, da unguwannin malamai, da makarantun 'ya'yan ma'aikata, da asibitin ɗalibai, da masallatai da coci-coci, da bankuna, da wuraren cin abinci, da filayen wasa. Ɗalibin da ya samu gado a ciki yana iya yin mako uku bai fita ƙofa ba, kuma babu abin da zai rasa. Idan ma ya fita, garin Samaru da ke tsallaken titi da jami'ar yake rayuwa: mai shayi, mai ɗinki, mai buga takardu, mai gidan haya, duk sun san ranar da aka dawo hutu ba tare da an gaya musu ba.

Ita kuwa BUK, ta tare a mazauninta na dindindin na farko, jikin ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Dukawuya da Kabuga. Wannan shi ake kira tsohuwar jami'a, kuma tuni gari ya kewaye ta ta ko'ina. Daga baya aka gina sabuwar jami'a a can gaba kan hanyar Gwarzo, fili mai faɗi, inda ofishin shugaban jami'a da yawancin tsangayoyi suke yanzu. A da bayan gari ne sosai, amma Kano ba ta barin fili ya huta, gine-gine sun bi ta Rijiyar Zaki sun cim mata. Saboda haka ɗalibin BUK, ko yana kwana a ciki, ƙafarsa ɗaya tana cikin birni. Da yamma ta yi za ka ga dubban ɗalibai suna tururuwar fita, kowa zai kama hanyar gida.

Jami'a ba haraba ɗaya ba ce

Wannan shi ne kuskuren farko da ake yi. Yaro ya ce shi ABU yake so saboda bishiyoyin Samaru da dogon benen majalisar jami'a, alhali kwas ɗin da ya cike aikin lauya ne. Tsangayar Shari'a tana Kongo, haka ma ta Mulki, kuma Kongo tana cikin garin Zariya ne, kusa da Tudun Wada. Haraba ce ƙarama, kowa ya san kowa, tana da ɗakunan kwananta da laburarenta, kuma rayuwarta daban take da ta Samaru. Mai karatun likita kuma, bayan shekarun farko, rayuwarsa takan koma asibitin koyarwa da ke Shika. A Kano ma haka ne: wasu sassa suna tsohuwar jami'a, wasu suna sabuwa, masu karatun likita kuma suna ƙarewa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, can ɗaya ɓangaren birnin. Akwai ɗalibin da zai yi lakcar safe a wannan haraba, ta rana a waccan, musamman a shekarar farko da ake haɗa sassa da yawa a darasi ɗaya. Don haka tambayar da za ka fara yi ita ce: sashen da nake so a wace haraba yake a bana, kuma a can zan gama ko za a mayar da mu wani wuri? A bana na ce, domin jami'o'in biyu suna ta sababbin gine-gine, sassa suna ƙaura, abin da yayanka ya sani shekara biyar da suka wuce zai yiwu ya canza.

Gado

Babu jami'ar da gadajenta suka ishi ɗalibanta a cikin biyun nan. ABU ta fi yawan ɗakunan kwana, kuma sunayensu sun shiga bakin duk wanda ya yi karatu a can: Amina, Ribadu, Alexander, Sulaiman, Ɗanfodiyo, Akenzua, Ramat, ga kuma sababbin da Aliko Ɗangote ya gina. A BUK akwai irin su Nana a tsohuwar jami'a, da Ramat da Hasiya Bayero a sabuwa. Amma a duk wuraren biyu ta intanet ake kama gado, kuma idan aka buɗe shafin, kafin ka ce kwabo an cinye. Wanda ya rasa, ko dai ya raɓa da aboki, abin da doka ta hana amma kowa ya san ana yi, har ɗakin mutum huɗu ya koma na takwas, ko kuma ya nemi haya a waje.

Haya a Samaru tana da sauƙi ɗaya: unguwanni irin su Hayin Dogo da Ɗanraka ba su da nisa da ƙofa, wasu da ƙafa ake zuwa aji. Wanda ya yi nisa shi ne ya koma Layin Zomo ko Palladan. A Kano masu sabuwar jami'a sukan nemi Ɗanbare da Rimin Gata da Rijiyar Zaki, masu tsohuwa kuma Kabuga da Janbulo da Ɗorayi. Kada kuɗin haya kaɗai ya ɗauke maka hankali. Ka tambayi ruwa, rijiya ce ko sayen jarka za ka riƙa yi daga 'yan garuwa. Ka tambayi wuta. Ka tambayi ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gidan, kuma idan ka dawo daga karatun dare layin yana da mutane ko shiru yake. Idan 'ya mace ce, iyaye su je su ga gidan da idonsu, su ga mai gidan, su san su wane ne sauran 'yan hayar. Wannan ba aikin da za a bar wa dillali ba ne.

Karatu daga gida

A nan ne maganar take da nauyi, kuma a nan ne aka fi yin lissafin da bai fita ba. Ga Bakano, babban abin da BUK ke ba shi shi ne ya yi digiri yana kwana a gidan ubansa. Ba ƙaramin abu ba ne. Babu kuɗin ɗaki, babu sayen risho da tukunya, idan zazzaɓi ya kama shi akwai mai duba shi. Mata da yawa, musamman matan aure da 'yan matan da iyayensu ba za su yarda su kwana a wani gari ba, da babu jami'a a cikin birnin da ba su taɓa yin digiri ba sam. Haka saurayin da ke da teburi a Kantin Kwari, ko yake gyaran waya a Farm Centre, yana iya zuwa lakca da safe ya koma kasuwa da yamma, ya biya wa kansa kuɗin rajista. Samaru ba ta da kasuwar da za ta ba shi wannan dama.

Amma Kano gari ne babba. Wanda ke zaune a Hotoro ko Na'ibawa ko Kurna, kafin ya isa sabuwar jami'a sai ya ratsa birnin, sau da yawa ya hau adaidaita-sahu biyu ko uku, tunda tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota ya zama wani kuɗin makaranta na daban. Ku zauna da biro da takarda: kuɗin zuwa da dawowa na rana ɗaya, a ninka da kwanakin lakca na mako, a ninka da makonnin zango biyu, a ƙara abincin rana, tunda wanda ya fita da sassafe ba zai dawo gida cin abinci ba. Sai a ajiye wannan kusa da kuɗin gado da na abinci na wanda ke kwana a makaranta. Wasu gidajen za su ga zaman gida ya fi araha nesa ba kusa ba. Wasu kuma za su sha mamaki.

Akwai kuma abin da biro ba ya kamawa. Ɗalibin da ke gida, a idon gida har yanzu yaron gida ne. Shi za a aika cefane, shi zai kai ƙanne makaranta, shi zai wakilci baba a ɗaurin aure, idan an yi rasuwa a dangi ya zauna zaman makoki ko da gobe yana da jarrabawa. Idan mace ce, girkin dare yana jiranta ko ta dawo da magariba. Ba mugunta ba ce, haka zaman gida yake, kuma yaro mai tarbiyya ba zai ce a'a ba. Sai dai a daidai wannan lokaci abokan ajinsa da ke kwana a makaranta suna zaune a wani aji suna warware tambayoyin shekarun baya, wani ɗan aji uku yana yi musu bita. Mafi yawan abin da ke tsamo ɗalibi a lissafi ko kimiyyar sinadarai a irin wannan zama ake samunsa, tsakanin isha'i da sha ɗayan dare. Iyayen da suka zaɓi ɗansu ya yi karatu daga gida, sai su san sun ɗauki wani nauyi: su sauke masa aike a lokacin zango, su ba shi wuri da fitila, su yarda ya kwana a makaranta idan jarrabawa ta matso.

A lura, wannan magana ba ta Kano kaɗai ba ce. Bazazzagin da ke tasowa daga Ƙofar Doka zuwa Samaru kullum, halin da yake ciki ɗaya ne da na ɗan Hotoro. Ɗan Gombe da ya samu gado a sabuwar BUK kuma, shi ma ya bar gida kamar yadda ɗan Kano zai bar gida idan ya tafi Zariya. Saboda haka kafin ka tambayi wace jami'a, ka tambayi kanka nisan da kake buƙata tsakaninka da gida.

Mutanen da za ka tarar

ABU ta yi suna da tara 'yan kowace jiha. A ɗaki ɗaya za ka iya samun Bakatsine da Batibe da Bayarabe da ɗan kudancin Kaduna, kuma dole Turanci ko buroka ya zama harshen ɗakin. Yaron da ya fito daga makarantar da ko malamin Turanci da Hausa yake bayani, watanni uku na farko zai sha wuya, amma bakinsa zai buɗe, kuma ranar da aka tura shi bautar ƙasa Ebonyi ko Ondo ba zai ji kamar an jefa shi wata duniya ba. Zai ga yadda wasu ke ibada, yadda suke ci, yadda suke gardama, ya koyi zama da wanda bai yarda da shi ba. Jami'ar tana da tsohon tarihin zafin muhawara tun zamanin su Dakta Yusufu Bala Usman, kuma har yau da sauran wannan ɗabi'a.

BUK ma tana da ɗalibai daga ko'ina, kada a yi mata ƙarya, amma da zarar an fito daga aji Hausa ce ke mulki, har baƙi ma sukan koya kafin su gama. Yanayinta ya fi kama da na birnin da take ciki, a sutura da gaisuwa da mu'amala tsakanin maza da mata. Ga wani, wannan kwanciyar hankali ce da za ta bar shi ya fuskanci karatu. Ga wani kuma, zai yi shekara huɗu bai taɓa yin hirar minti goma da Turanci ba sai ranar kare kundin digiri, kuma ranar ce zai gane. Wanda ya zaɓi BUK ya sa wa kansa dokar shiga ƙungiyar muhawara ko ta ɗaliban sashensa, ya yi abota da wanda ba ya jin Hausa.

Su kuma iyayen da ke tsoron wai Samaru tana lalata yara, ni ina ganin an zuzuta abin. Jami'o'in biyu suna da dokar sutura, suna da ƙungiyar ɗalibai Musulmi mai ƙarfi, suna da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista, masallatai suna cika. Gaskiyar da ke cikin tsoron ita ce a ɗakin kwanan ɗalibai babu mai tashin ka sallar asuba, babu mai tambayar ka ko ka je aji. Yaron da bai taɓa riƙe kuɗin wata ba, bai taɓa tashi ba tare da an buga masa ƙofa ba, zai iya tashi da tarin kwasa-kwasan da ya faɗi tun zangon farko. Amma yaron da ya fita daga gida a Kano ƙarfe bakwai ya dawo ƙarfe shida, wa ya san inda ya wuni? Birni ya fi kowace haraba wuraren ɓata lokaci. Halin yaron shi ne abin dubawa, kuma iyaye sun fi kowa saninsa.

Abin da ke kewaye da sashenka

Muhalli ba bishiya da gini kaɗai ba ne, har da abin da mai koyon sana'arka zai iya taɓawa da hannu. Mai son aikin gona ko likitan dabbobi, a Zariya yana da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da auduga da manoman Arewa suka daɗe suna shukawa, yana da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, da cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa. Zanen gine-gine da injiniyanci da haɗa magunguna duk tsofaffin sassa ne a can. Sashen zane-zane kuwa ya gaji tarihin ƙungiyar masu zane ta Zariya da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa a 1958, tun kafin a kafa jami'ar. Laburaren Kashim Ibrahim yana cikin manyan laburaren jami'o'in ƙasar nan.

BUK ta taso ne daga Larabci da addinin Musulunci da tarihi da harsuna, kuma har yau tana da ƙarfi a nan. Mai son nazarin Hausa zai shiga gidan da su Farfesa M.K.M. Galadanci da Ɗandatti Abdulƙadir da Ibrahim Yaro Yahaya suka gina, ko da yake Zariya ma tana da nata manyan a wannan fanni. Mai son aikin jarida zai tarar da tsangaya guda ta sadarwa, da gidan rediyon jami'a, sannan a waje ga gidajen rediyo masu zaman kansu barkatai, ga Arewa24, ga masana'antar Kannywood. Mai karatun kasuwanci yana da kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau a gabansa, mai neman wurin sanin makamar aiki yana da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa. Akwai Cibiyar Binciken Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, akwai gidan Mambayya na Malam Aminu Kano a Gwammaja inda ake nazarin dimokuraɗiyya.

Ko wane kwas ne, a bincika ko yana da cikakkiyar tantancewar NUC a yanzu. Idan likitanci ne ko injiniyanci ko lauya, a duba matsayinsa a wurin hukumar sana'ar, wato MDCN ko COREN ko Majalisar Ilimin Shari'a, domin su ke ƙayyade yawan ɗaliban da aka yarda sashe ya ɗauka. Idan kuma zaɓin ya zama tsakanin kwas ɗin da kake so a harabar da ba ta burge ka ba, da kwas ɗin da aka cusa maka a harabar da kake mafarki, ni dai kwas ɗin zan ce ka bi. Haraba shekara huɗu ce ko biyar, kwas kuwa da shi za ka nemi abinci.

Yanayi da hanya

Zariya ta fi Kano tudu, ta fi ta samun ruwan sama, kuma sanyin hunturun Samaru ba wasa ba ne, a tafi da bargo mai kauri. Kano ta fi zafi, daga Maris zuwa Mayu aji yakan zama abin haƙuri, ga ƙura da hayaƙin ababen hawa. Mai asma ko sikila ya sa wannan a lissafi, ya kuma san inda asibitin ɗalibai yake tun makon farko. Ta fuskar tsaro, babu wadda za a ce ba a taɓa jarrabtar ta ba: an kai hari tsohuwar BUK a watan Afrilun 2012, an kuma sace ɗaliban ABU tara a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Nuwamban 2020. A yau abin da ya fi kamata iyaye su auna shi ne hanyar da yaro zai riƙa bi tsakanin gida da makaranta, sau nawa a shekara, kuma da rana ko da dare.

Yadda zaɓin yake a wurin JAMB

Mutane da yawa suna zaton za a ba su gurbi a wurare biyu sannan su zauna su zaɓa. Tsarin ba haka yake ba. Tun 2017 da JAMB ta kawo tsarin CAPS, ta nan kowane gurbi yake bi, kuma da zarar ka danna amincewa da wanda aka ba ka, an rufe maganarka ta wannan shekara. Ƙari a kan haka, manyan jami'o'i irin waɗannan masu nemansu sun ninka gurabensu, don haka wanda ya sa su zaɓin farko suke dubawa. Sa ABU ta farko da BUK ta biyu, ko akasin haka, kusan daidai yake da zaɓar ɗaya kawai. Idan ka canza ra'ayi bayan sakamako ya fito, akwai damar canjin makaranta a cibiyoyin da JAMB ta amince da su, amma sai ka yi kafin jami'ar ta rufe rajistar tantancewarta.

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta a baya a ilimin boko. Kusan duk jihohin Arewa suna cikin rukunin ƙarshe, don haka kada wannan ya sa ka saki jiki, waɗanda kuke takara da su ma suna ciki. Kuma makin da jami'a ta sanar a matsayin mafi ƙaranci na shiga tantancewa ne kawai. Likitanci da lauya da aikin jinya da kimiyyar kwamfuta suna neman abin da ya fi shi da nisa. Ka nemi ɗaliban shekarar farko na sashen, ka tambaye su da maki nawa suka shiga.

Kuɗin rajista yana canzawa, kuma ya bambanta daga kwas zuwa kwas, don haka a shafin jami'ar za a duba, ba a bakin maƙwabci ba. Tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Ɗaliban jami'o'in biyu duk suna iya nema.

Tsakanin Kano da Zariya tafiyar kusan kilomita 150 ce, ana zuwa a dawo a wuni ɗaya. Kafin a cike fom, uba ko yaya ya ɗauki yaron su je, a ranar aiki da ake tsakiyar zango, ba lokacin hutu da ko'ina yake tsaf ba. Ku nemi sashen da ƙafarku, ku leƙa ajin da ake lakcar 'yan shekarar farko ku ga ko ana samun wurin zama. Ku shiga ɗakin kwanan ɗalibai, ku duba famfo da banɗaki. Ku tare ɗan aji uku, ba ɗan aji ɗaya da har yanzu yake ɗoki ba, ku tambaye shi inda yake kwana, nawa yake kashewa a mako, kuma sakamakon jarrabawa yana fitowa a kan lokaci ko a'a. Idan daga gida za a riƙa zuwa, ku bi hanyar da ƙarfe bakwai na safe ku ga minti nawa za ta ci. Sauya jami'a bayan an fara karatu abu ne mai wuya, sai da amincewar jami'o'in biyu da maki mai kyau, wani lokaci har da asarar shekara. Ku yi wannan tafiya tun fom yana hannunku.